Ɗan oska a akwatin ƙafa biyu: wa zan ƙara masa?

Nazifi: Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawarar manya. Na sayi ɗan oska, wani kifin ado, irin baƙin nan mai zanen ruwan lemo, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Akwatin gilashin da nake kiwon kifi a ciki ƙafa biyu ne, wato tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 35. Da ma akwai golfish biyu da gupi biyar, 'yan ƙananan kifayen nan, a ciki, yanzu gupin sun koma uku kuma ban ga gawa ba. Ina sha'awar in ƙara rawayan kifayen nan na tafkin Malawi guda biyu don akwatin ya ƙara haske a falo. Za su zauna lafiya da shi?

Malam Habu Zariya: Wa alaikumus salam. Daina neman gawa ƙanena, gupinka suna cikin oska. Ukun da suka rage ma layi suke bi. Dokar oska ɗaya ce: duk abin da ya shige bakinsa abinci ne, kuma bakin nan kullum ƙara faɗi yake. Amma kafin mu zo maganar wa za a ƙara, buga lissafin ruwanka. 60 sau 30 sau 35, ka raba da 1,000, lita 63 ke nan, kuma ba ka cika shi har baki, ga tsakuwa ta ci nata wurin. Da ƙyar kake da jarka biyu ta ruwa. Kifin da ka sa a ciki kuwa, idan yana ƙoshi, yakan ƙara kusan inci guda duk wata a shekararsa ta farko. Kafin watan nan ya zagayo zai doshi santimita 25, girmansa na ƙarshe a akwati 30 zuwa 35. Faɗin akwatinka 30. Ka ga ko juyawa ba zai iya yi ba sai ya lanƙwashe.

Nazifi: Ikon Allah. To ai wanda ya sayar mini cewa ya yi kifi daidai akwatinsa yake girma, idan akwatin ƙarami ne shi ma zai tsaya ƙarami.

Ɗanlami Mai Kifin Ado: Ba ni na sayar masa ba, kada a jefe ni. Amma maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ina da masu saye da suka riƙe oska a ƙafa biyu sama da shekara, bai wuce tafin hannu ba, kuma yana nan da ransa. Idan muka ce wa kowa sai ya yi ƙafa huɗu, wa zai sayi kifi a garin nan?

Sadiya (ɗalibar kimiyyar kifi): Yaya Ɗanlami, tsayawar da ka gani tsumburewa ce. Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba gare shi, ta kunnuwansa, ga kashi, ga ragowar abinci da ke ruɓewa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a soson filta su ke mayar da amoniya naitirait, sannan naitiret, shi kuma naitiret ba ya fita sai an canza ruwa. A ɗan ruwa kaɗan abin yana taruwa da sauri, kifin ya zauna cikin wahala kullum, cinsa ya ragu, girma ya tsaya. Oska mai lafiya yana kai shekara 10 har 15. Ka tambayi masu sayen naka bayan shekara uku ka ji ina kifin yake. Kuma a irin wannan ruwan ne ake yawan ganin ciwon nan da ke huda musu kai, ƙananan ramuka a goshi da saman ido.

Ɗanlami Mai Kifin Ado: Malama Sadiya an zo da boko. To na ji.

Alhaji Mai Tarwada: Ni fa dariya kuke ba ni. Tankin roba na lita 1,000 nake zuba tarwada fiye da ɗari, su girma su kai kilo in sayar. Ku kuma kifi ƙwaya ɗaya tal kuna cewa sai an yi masa ɗaki da falo. Ko sarkin kifaye ne?

Malam Habu Zariya: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Tambaya uku zan yi maka. Sau nawa kake sauke ruwan tankin nan? Wata nawa suke yi kafin su tafi wurin masu banda? Sannan idan ka leƙa da asuba me kake gani suna yi a saman ruwa?

Alhaji Mai Tarwada: Ruwa kam idan sun girma kusan kullum ne, in ba haka ba wari ya kore ka daga gidan. Wata huɗu zuwa shida mun kwashe. Da asuba kuma suna ta ɗago baki suna haɗiyar iska.

Malam Habu Zariya: To ka amsa da kanka, ranka ya daɗe. Tarwada Allah ya yi mata wata gaɓa a saman kunnuwanta da take shaƙar iskar sarari, shi ya sa take rayuwa a kwatamin da wani kifin ba zai kwana ba. Kai wata shida kake nema ka sayar, Nazifi shekara goma yake so ya riƙa kallon nasa, a falo, ba wari, ruwa garau. Sannan tarwada ba ruwanta da iyaka in dai girmansu ɗaya. Oska dangin karfasa ne, yana shata wuri ya ce nan nawa ne.

Baba Ɗan Yawuri: Wannan gaskiya ne yaro. Mu da muka tashi a bakin Kwara mun san halin karfasa. Idan lokacin ƙwai ya yi, namijin zai sami wuri marar zurfi ya haƙa rami da bakinsa, ya share shi tas, ya tsaya a kai. Kifin da ya ninka shi girma idan ya gifta sai ya bi shi da gudu. Wata karfasar uwar a baki take goyon ƙwan, ka kama ta ka ga 'ya'ya na zubowa. Wata kuma a ƙasa suke zubawa, uwa da uba su yi gadi tare. In dai wannan oskan naku danginsu ne, to ba a yi masa maƙwabci a ɗaki ɗaya.

Sadiya (ɗalibar kimiyyar kifi): Danginsu ne Baba, duk siklid ake ce musu. Shi oska asalinsa kogin Amazon ne da rassansa, can Kudancin Amurka, ƙasashen Burazil da Peru da Kolombiya. Irin na biyun da ka faɗa ne, a kan faffaɗan dutse suke zuba ƙwai su yi gadi su biyu. Har haƙan ma yana yi. Duk wanda ya dasa ciyawar ado a akwatin oska ya san da safe zai tarar da ita tana yawo a sama.

Anti Bilki: Bari in shigo kan rawayan Malawi tunda su nake kiwo. Nazifi, kar ka soma. Ba don ba su da kyau ba, ni a wurina ba kifin da ya kai su. Tafkin Malawi, wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, yana da ɗaruruwan irin siklid, kuma waɗanda ake kawo mana galibi mazauna duwatsu ne, mbuna ake kiransu. Ruwan tafkin mai kanwa-kanwa ne, ma'aunin pH ɗinsa yana kaiwa 8 har ya ɗan wuce, na Amazon kuwa ya fi karkata wajen tsami. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu abinci. Yawancin mbuna gansakuka suke kankara a jikin dutse, hanjinsu dogo ne na masu cin ganye, idan ka riƙa ɗura musu abincin oska mai maiƙo sai ciki ya kumbura su mutu. Na uku hali. Yanzu da oskanka yake ƙarami su za su addabe shi, suna da sauri, su yi ta yagar masa jela ya rasa wurin ɓuya. Bayan wata takwas kuma labari ya juya, shi zai haɗiye su, don rawayan ba sa wuce santimita 10 zuwa 12.

Isufu Maraɗi: Anti, ni maganar ruwan ban cika yarda da ita ba. Oskan da ke kasuwa ba daga Amazon aka kamo su ba, a gonakin kifi aka ƙyanƙyashe su. Nawa ruwan rijiyar burtsatse yake sha, mai tauri ne har fari yake bari a jikin gilashi, kuma ƙalau yake.

Anti Bilki: Na ba ka wannan Malam Isufu, oskan gona yana jure ruwa iri-iri in dai ba a yi masa canjin farat ɗaya ba. Cire na ɗaya. Na biyu da na uku suna nan daram.

Alhaji Mai Tarwada: To Hajiya, na ga hoton akwatinki ran nan, kifi kamar ashirin a ƙafa huɗu. Ke an yarda ki cunkusa, ni an ce na yi laifi?

Anti Bilki: Alhaji ai su mbuna da gangan ake yawaita su. Idan uku ne, babban zai zaɓi ɗaya ya bi shi har ya kashe. Idan goma sha biyar ne, ya kori wannan, wancan ya gifta, ya manta da na farko, faɗan ya rarrabu. Ana tara duwatsu har sama don kowa ya sami rami, a sa filta mai ƙarfi, a canza ruwa duk mako ba fashi. Dabarar tana ci ne saboda ƙanana ne. Ka gwada ta da kifin da ke kai kilo guda ka ga yadda ruwa zai koma kunu kafin Juma'a.

Nazifi: Jikina ya yi sanyi wallahi. To Malam Habu, wane girma ne mafi ƙanƙanta da zai ishe shi shi kaɗai?

Malam Habu Zariya: Ƙafa huɗu, faɗi ƙafa ɗaya da rabi, zurfi santimita 50. Wato 120 sau 45 sau 50, lita 270, kusan jarka goma sha ɗaya ta masu ga-ruwa. Wannan na shi kaɗai ne, ba ƙari. Za ka ji wasu na cewa lita 200 ta isa, to irin wannan akwatin yawanci siriri ne, faɗinsa bai fi 30 da 'yan kai ba, matsalar juyawa ta dawo. Faɗi ya fi zurfi muhimmanci, kar mai gilashi ya ruɗe ka da dogon akwati mai tsayi sama kamar kwaba, kifi ba sama yake tafiya ba. In kana son abokan zama sai ka tafi ƙafa biyar, 150 sau 50 sau 60, lita 450. Oska biyu kuma ni ba na ba sabon shiga shawara, don ba a gane mace da namiji da ido, idan ka haɗa maza biyu wata rana za ka tarar sun kama bakin juna suna kokawa har leɓe ya yage.

Ka kuma yi tunanin inda za ka ɗora. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwa kilo 270, ga gilashi ga tsakuwa, ka haura 300, nauyin buhun siminti shida. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba. A yi maka ƙafar ƙarfe wurin mai walda, a shimfiɗa katako, a ɗora soso ko farin kwalin nan na cikin kwalin firji kafin gilashi ya zauna, kuma a tabbatar ƙasa ta daidaita.

Ɗanlami Mai Kifin Ado: Nan kam fagena ne. Gilashin ƙafa huɗu kar ka yarda da mai kaurin milimita 5 ko 6 na taga, araha ba ta ado. Sa a yanka maka 10, a ɗaura masa ɗamara ta gilashi a sama daga gaba zuwa baya. Gam ɗin kuma silikon zalla, ban da wanda aka rubuta na banɗaki ko na kicin, akwai maganin fumfuna a cikinsa da ke kashe kifi. A bar shi ya bushe sosai, a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu kafin ya shiga falo. Murfi dole ne, mai nauyi, don oska yana tsalle idan ya ga hannu da abinci.

Nazifi: Yaya Ɗanlami kuɗin wannan ba na wannan watan ba ne gaskiya. Ina da lokaci ko?

Malam Habu Zariya: Kana da kamar wata biyu, in ka fitar da sauran ka bar shi shi kaɗai, kana canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a mako. Da ya kai santimita 10 zuwa 12 ya gama da ƙafa biyu.

Alhaji Mai Tarwada: To ku saurara, yau mai tarwada zai yi muku rana. Wa ya ce sai gilashi? Nemi tankin roba na lita 500 a yanke maka samansa, ko babbar robar nan da muke rainon 'ya'yan kifi. Wanda aka taɓa zuba ruwan sha kawai, ba na mai ko sinadari ba. Sa filtarka, rufa raga a sama, kifinka ya yi ta girma kana tara kuɗin gilashi a hankali. Illa dai ta sama za ka riƙa kallonsa.

Malam Habu Zariya: Wallahi Alhaji ka yi magana. Kifi bai san gilashi ba, ruwa ya sani. Abu ɗaya zan ƙara: ranar ƙaura ka ɗauki tsohon soson filta yadda yake da dattinsa ka sa a sabon wurin. Sabuwar filta tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin nan da Sadiya ta faɗa su kama. Wanke soso kuma a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin ake yi, a matse sau biyu a mayar. Ban da sabulu, ban da ruwan famfo mai kulorin.

Maman Sultan: Ni tambayata golfish ɗin. Ai manya ne, ba za su shiga bakinsa ba. Me zai hana su zauna?

Sadiya (ɗalibar kimiyyar kifi): Anti, golfish kifin ruwan sanyi ne, oska kuma yana son digiri 24 zuwa 28. Ga su da yawan kashi su ma, ga jela mai jan ƙasa ga rashin sauri, zai fara da yagar jelar. Ko a matsayin abinci ma ba a son ba shi su, naman golfish yana da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya ci, ban da cutar da sukan shigo da ita.

Isufu Maraɗi: Tunda an zo zancen zafi, ku tuna da hunturu. Mu nan Disamba da Janairu ruwan akwati yana yin sanyi ƙarara da dare, oska ya kwanta a ƙasa ya ƙi cin abinci, sai farin ƙurji ya feso masa kamar an barbaɗa gishiri. Hita ta zama dole, kuma a sa mata kariya, babban oska yana fasa ta gilashi da duka. Da bazara kuma matsalar iska ce, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Idan an ɗauke wuta a watan Afrilu, yawan kifin da ke cikin akwati shi ne yawan masu rabon ɗan abin da ya rage. Famfon iska mai batir ko mai caji ya fi kowane abokin zama amfani. Ranar da ba wuta kuma kar a ba da abinci.

Nazifi: To a ce Allah ya hore na yi ƙafa biyar ɗin. Su wa ke zama da shi?

Malam Habu Zariya: Abin dubawa uku: ya fi ƙarfin bakinsa, ba mai tsokana ba, ba kuma mai neman kusurwa ɗaya da shi ba. Silba dala sun cika duka. 'Yan ƙasar su oska ne, faffaɗa ne kamar faranti ba sa haɗiyuwa, suna kai santimita 15, amma a garke suke rayuwa, biyar ko shida, guda ɗaya firgita zai yi ta yi yana dukan gilashi. Seberum ma yana yi, siklid ne mai sanyin hali da ke kai santimita 20. Konbik, mai zanen baƙi da fari ɗin nan na Amurka ta Tsakiya, guda ɗaya yana iya zama, amma mace da namiji idan suka yi ƙwai sai su tsare babban oska a lungu duk da ba su kai rabinsa ba. Kuma a haɗa su tun oskan yana yaro, wanda ya shekara shi kaɗai ba ya karɓar baƙo. Duk da haka ba tabbas, kowane oska da halinsa. Ka tanadi inda za ka kai wanda aka tsana.

Ɗanlami Mai Kifin Ado: Ka manta mai shara, fileko. Shi kowa ke saye, yana goge gilashi tas.

Anti Bilki: Yana goge gilashi yana ƙarami. Irin wanda kuke sayarwa yana kai santimita 40 ko fiye, idan ya girma ya daina aikin, sai kashi dogo-dogo kamar taliya. Ka ɗauko mai shara ka koma kai ke yi masa shara. Kuma don Allah duk wanda kifinsa ya fi ƙarfinsa ya mayar wa mai shago ko ya yi cigiyar mai so a nan, kar a kai dam ko kogi. A Fulorida ta Amurka oska ya kama wuri a magudanan ruwansu tun shekarun 1950, har yau yana nan yana hayayyafa, fileko ma haka.

Sadiya (ɗalibar kimiyyar kifi): Akwai wata hanyar da ba a ambata ba. Nazifi, in ka duba ka ga ba wuri ba kuɗi, mayar da oskan tun yana da farashi, ka karɓi kiribensis mace da namiji. Siklid ne shi ma, kuma ɗan gida, asalinsa rafukan kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru, duniya duk ana kiwonsa. Namijin santimita 10, macen ba ta kai haka ba, cikinta ja jawur idan ta shirya ƙwai. Ƙafa biyunka ta ishe su su biyu. Ka kifa musu ɗan kasko ko ɓawon kwakwa ka fasa ƙofa, a ciki za su yi ƙwai, ka ga uwa da uba sun fito da 'ya'ya suna kiwo a ƙasan akwati. Sai dai lokacin nan su ma ba sa son ganin kowa kusa, har gupi.

Nazifi: Na gode Anti Sadiya, amma gaskiya na shaƙu da shi, da na shigo yake tahowa gaban gilashi yana rawa. Zan bi ta Alhaji, roba tukuna. Gupin da golfish su riƙe ƙafa biyun, Malawi kuma na haƙura.

Maman Sultan: Golfish biyun ma ƙafa biyu ba za ta riƙe su har abada ba, amma wannan rigimar wata rana ce.

Baba Ɗan Yawuri: Ni duk kifayen da kuka lissafa na turawa ne. Ƙurungu fa? Ga shi a ruwanmu, a ƙasa yake zama, da dare yake yawo, ba ruwansa da kowa, kuma ba kifin da ke marmarin haɗiyarsa.

Malam Habu Zariya: Baba ka kawo shawara mai kyau, masu oska a ƙasashen waje ma suna neman sa, musamman mai doguwar tutar nan a baya wanda ake samu a Kwara da tafkin Chadi. A ƙafa biyar guda ɗaya yana zama lafiya, a ajiye masa guntun bututun roba ya riƙa shiga da rana. Sharaɗi biyu ne. Kar a sa ƙarami, don in oska ya yi gangancin haɗiyarsa, ƙurungun ya buɗe ƙayoyinsa ya kulle su a maƙogwaron oskan, an rasa duka biyun. Sannan wanda aka kamo daga kogi sai ya yi mako uku zuwa huɗu a wata roba daban ana dubansa, saboda ƙwari da tsutsar da yake ɗauke da su.

Baba Ɗan Yawuri: To ku ƙara da na uku. Ba a kama ƙurungu da ragar hannun nan taku, ƙayar tana da zarto, in ta shiga raga sai an yanka ragar. Da kwano ake tare shi a ɗebo shi da ruwansa. In kuma dole sai da hannu, ta bayan ƙayoyin gefe ake riƙewa, yatsa ɗaya nan ɗaya can, ta saman ta fito tsakanin yatsu. Sukarsa tana hana mutum barci.

Ɗanlami Mai Kifin Ado: Baba in kana da hanyar masu rai, masu kamar tsawon tafin hannu, ina son guda goma. Zan biyo ka ta waya mu yi maganar yadda za a sako su a mota ba su mutu ba.